ƊAN HAKIN DA KA RAINA: ZAƁEN AKWATIN WUTAR NA'URORINMU

Jawabin da aka gabatar a zauren makaranta ranar taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai

 



Lokacin da Sakatare ya aiko mini da takarda cewa kwamiti ya ba ni rabin awa in yi magana, sai da gabana ya faɗi, domin kuwa rabona da tsayawa a kan wannan dandamali tun ranar da aka fito da ni gaban asambuli saboda na makara, kuma Malamin da ya fito da ni ga shi nan zaune a layin gaba. Allah ya ƙara wa Malam lafiya da nisan kwana. Yau dai ban makara ba.

Abin da zan yi magana a kansa ga shi a hannuna. Bai fi sabulun wanki girma ba. Masu gyara suna ce masa fawa safalai ko fawa fak, in yana rataye a jikin waya kuma a ce adafta, cajar wayar da ke aljihun kowannenmu ma ƙaramar ƙanwarsa ce. Ni zan riƙa ce masa akwatin wuta. Wutar da ke zuwa mana daga layi ƙarfinta bolt 230 ne, tana kai da komowa sau 50 a sakan guda, alhali kuwa kwamfuta, da talabijin, da ƙwaƙwalwar famfon burtsatse, da na'urorin asibiti, wuta suke so 'yar kaɗan mai tafiya hanya ɗaya, bolt 5 ko 12 ko 24. Wannan akwati shi ke tsaye tsakani, ya karɓi babbar wuta ya mai da ita ƙarama. Saboda haka duk wani dukan da layi zai yi, shi ne farkon wanda zai sha, in kuma ya faɗi yakan ja na'urar gaba ɗaya su faɗi tare.

Dalilin da ya sa na zaɓi wannan batu bai ɓuya ga 'yan kwamiti ba. Tun da hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta a 2015, yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba ya shiga uku tun kafin ya karanta tambaya. Don haka ne wannan ƙungiya ta yi karo-karo ta sayi kwamfutoci 30 ta zuba a ɗaki guda. Watan jiya kwamiti ya aike ni in duba su, sai na tarar 11 ne kaɗai suke tashi. Na buɗe sauran ɗaya bayan ɗaya, kuma mafi yawansu lafiyarsu lau, akwatin wutarsu ne ya mutu. Yau kuma ga mu za mu sake sa hannu a aljihu don gyaran ɗakin da sa wa burtsatse sola. Kafin mu ƙirga kuɗi, ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku.

ABIN DA YA FARU DA NI

Ba zan tsaya nan in nuna wa kowa yatsa ba, domin ni ma na taɓa yin wannan kuskure, kuma nawa ya fi muni. A farkon shekarun aikina an ba ni kula da kayan lantarki na wasu ƙananan asibitocin karkara. A ɗaya daga cikinsu akwatin da ke ba ƙwaƙwalwar firjin rigakafi wuta ya lalace. Ɗan kwangila ya kawo mini farashi biyu, ɗaya ya ninka ɗaya har sau uku. Na duba jikinsu, duka biyu an rubuta bolt 12, amfiya 5. Na ce to, tun da rubutu ɗaya ne, me zai sa in ɓata kuɗin gwamnati? Na sa hannu a kan mai araha, har ina ganin na yi abin yabo.

Akwatin ya yi aiki daga Nuwamba har Maris. Wani daren Juma'a a cikin Afrilu ya mutu, babu wanda ya sani sai ranar Litinin. Allurar rigakafi kuwa ana ajiye ta ne tsakanin digiri 2 zuwa 8. A jikin kwalaben akwai wani ɗan tambari da ke yin duhu idan zafi ya daɗe yana dukansu, kuma da jami'ar lafiya ta duba, da yawa sun riga sun yi duhu. Ranar kuwa ranar rigakafi ce. Mata sun tako daga ƙauyuka da goyo a baya cikin wannan rana, aka ce su koma sai wani mako. Wasu sun dawo, wasu ba a sake ganinsu ba. Jami'ar, wadda ta haife ni a shekaru, ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Injiniya, ka san wahalar da muke sha kafin mu shawo kan uwa ta kawo ɗanta?" Har yau wannan tambaya tana damuna.

Da na koma ofis na fasa akwatin. Kondensocin ciki sun kumbura kamar burodi. Gurbin da aka zana don makarin tsawa babu kome a cikinsa, inda ya kamata a sa fiyus kuma guntun waya aka ɗinke wurin da shi. Daga ranar na fahimci cewa bolt da amfiya da ke rubuce a jiki su ne ƙarshen abin da za a duba. Na farko shi ne irin wurin da akwatin zai zauna. A ƙasarmu kuwa abokan gabansa huɗu ne.

NA FARKO: WUTAR DA BA TA TSAYAWA WURI ƊAYA

An kafa NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005 muna 'yan makaranta, aka sayar da kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa a 2013. Suna ya canza sau da yawa, amma har gobe in an kawo wuta yara NEPA suke kira, kuma a unguwanni da yawa halin wutar bai sake ba. Taransifoma ɗaya tana ɗauke da gidajen da suka fi ƙarfinta, ga mai walda, ga injin niƙa, duk a kan layi guda. Da magariba, lokacin da kowa ya kunna kayansa, na sha aunawa in ga wuta ta sauko ƙasa da bolt 160. Tsakar dare kuma, da kowa ya kashe, sai ta haura 250.

Mutane da yawa sun ɗauka ƙarancin wuta ba ya ɓarna. Yana yi ƙwarai. Akwatin wuta na zamani ƙoƙari yake ya ba na'ura abin da take bukata ko ta halin ƙaƙa, don haka idan ƙarfin layi ya ragu da rabi, sai ya ninka yawan wutar da yake zuƙa, kayan cikinsa su ɗau zafi. Saboda haka abu na farko da za a nema a takardar bayaninsa shi ne iyakar wutar da yake karɓa. Nagari za ka ga an rubuta 85 zuwa 264, ko a jikinsa 100 zuwa 240, akwai ma masu kaiwa 305. Wanda aka rubuta 220 kaɗai, ko 180 zuwa 264, ko mai ɗan makunnin da ake turawa tsakanin 115 da 230, ba na unguwanninmu ba ne. Yawancin kwamfutocinmu da suka mutu wannan makunnin ne a bayansu.

Akwai kuma wata masifar da babu akwatin da zai jure mata. Layin da ke fitowa daga taransifoma wayoyi huɗu ne, uku masu wuta da ɗaya da ake kira nutural. Tsakanin mai wuta da nutural bolt 230 ne, amma tsakanin masu wuta biyu kusan 400 ne. Ranar da nutural ta tsinke, ko ɓarayin waya suka yanke ta, ko wani ya hau turke zai canza layi ya haɗa ba daidai ba, wutar da ke shiga gida tana iya tashi ta doshi 400. Ranar ce za ka ji unguwa guda ana salati, kowa talabijin ɗinsa na hayaƙi. Maganin wannan shi ne mai gadin wuta, wata 'yar na'ura da ake sawa a bakin allon wuta, wadda ke yanke layi nan take idan ya wuce iyaka sama ko ƙasa, sa'an nan ta jira 'yan mintoci bayan wuta ta daidaita kafin ta sake buɗewa. Kuɗinta bai kai na kwamfuta ɗaya ba.

Janareto ma sai an yi hattara da shi. A watan Oktoba na 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace aka yi fiye da mako guda cikin duhu, duk wanda ke da janareto a kansa ya dogara. To, ƙaramin janareto idan mai ya kusa ƙarewa yakan riƙa shaƙewa yana farfaɗowa, wutarsa tana hawa da sauka, haka kuma idan aka sauke masa babban kaya farat ɗaya yakan yi tsalle. Ƙa'ida ita ce a tayar da shi ya daidaita kafin a ɗora masa kaya, a kuma sauke kaya kafin a kashe shi.

NA BIYU: ZAFI

A Sakkwato da Maiduguri da Nguru, zafin watan Afrilu yakan wuce digiri 40 a inuwa. To ina ga cikin akwatin ƙarfe da aka kulle aka kafe a rana, ko ɗaki mai rufin kwano babu silin?

Duk mai fanka a gida ya san kondensa. A cikin akwatin wuta ma akwai su, masu kama da ƙananan gwangwanaye, da wani ruwa a ciki wanda zafi ke busarwa sannu a hankali. Su ne suka fi saurin mutuwa. A jikin kowanne an rubuta zafin da zai iya ɗauka, ko 85 ko 105, kuma masu ƙera su suna da wata ƙa'ida sananniya, watau duk digiri 10 da aka rage na zafi, kwanansa yana ninkuwa biyu.

Ina roƙon Malaminmu na lissafi ya duba mini wannan, in na kuskure ya gyara. Ɗauki kondensa da aka yi wa alkawarin awa 2,000 a digiri 105. A digiri 95 zai yi awa 4,000, a 85 ya yi 8,000, a 75 ya yi 16,000, a 65 ya yi 32,000. Shekara guda awa 8,760 ce, ke nan zai yi shekara uku da rabi da ɗoriya yana aiki dare da rana. Yanzu ɗauki mai araha, wanda awa 2,000 ɗinsa a digiri 85 ne. A 75 zai yi 4,000, a 65 ya yi 8,000, watau wajen wata 11. Digiri 65 kuwa ba abin mamaki ba ne a cikin akwati, idan iskar ciki ta kai 50 shi kuma ya ƙara da zafin kansa. A ido girmansu ɗaya, launinsu ɗaya, amma ɗaya ya ninka ɗaya kwana sau huɗu. Akwai ma waɗanda aka yi wa alkawarin awa 5,000 ko 10,000 a digiri 105, su ake sawa a kayan masana'antu. Kada mu ɗauka mu kaɗai wannan abu ya taɓa cuta. Tsakanin 1999 da wajen 2007 manyan kamfanonin kwamfuta na duniya sun tafka asara saboda kondensoci marasa kyau da suka shiga kayansu.

Abu na biyu game da zafi shi ne, ƙarfin da aka rubuta a jikin akwati yana da sharaɗi. A takardar bayani akwai wani zane da ke nuna yadda ƙarfinsa ke raguwa idan zafi ya ƙaru. Da yawa suna ba da cikakken ƙarfi har digiri 50, daga nan su fara sauka, kafin a kai 70 an rasa kusan rabi ko sulusi. Don haka ni ƙa'idata ita ce kada a ɗora wa akwati fiye da kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa. In kayanka wat 40 suke ci, sayi mai wat 60. In kuwa akwai mota a cikin kayan, kamar famfo ko kwamfaresan firji, a tuna cewa lokacin tashi takan ja ninki biyar ko fiye na abin da take ci tana tafiya.

Na uku, a duba yawan wutar da akwatin ke ɓatarwa. Mai ba da wat 60 wanda ingancinsa kashi 80 ne cikin 100, wat 75 yake ja, sauran 15 ɗin zafi suke zama a cikinsa. Wanda ingancinsa 90 ne, wajen 67 yake ja, zafinsa bai kai rabin na wancan ba. Kuma a kafa shi a inuwa, a bar masa sarari sama da ƙasa iska ta ratsa.

NA UKU: TSAWA

Hadarin farkon damina kowa ya san shi. Ba sai aradu ta faɗo a kan gini take ɓarna ba. In ta faɗi kusa da layi, ko da nisa da mu, takan turo dubban bolt ta cikin waya a ɗan lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba. Sitabilaiza ba ta iya tare wannan, domin kafin ta motsa an riga an gama.

Abin da ke tarewa wani ɗan faifai ne mai kama da kwabo, galibi shuɗi, ana ce masa MOV. Yana zaune shiru a bakin shigar wuta, da ta yi tsalle sai ya buɗe ya shanye dukan. Shi ne na tarar babu a akwatin da na fasa. Akwai ma'aunin duniya na gwada wannan juriya mai lamba IEC 61000-4-5, kuma kamfanin kirki zai rubuta sakamakon a takardarsa. A nemi wanda aka gwada da bolt 2,000 tsakanin wayoyi da 4,000 zuwa ƙasa. Amma faifan nan duk dukan da ya sha yana rage masa ƙarfi, saboda haka ginin da ke da kaya masu tsada yana bukatar babban makarin tsawa a allon wuta, irin mai 'yar taga da ke komawa ja idan ya gaji, a riƙa duba ta bayan kowace damina.

Duk wannan kuwa sai da wayar ƙasa mai kyau, domin can ne dukan zai bi ya wuce. A ɗakin kwamfutarmu na bi wayar ƙasa da hannuna, sai na tarar ta ƙare a cikin bango, ba ta haɗu da kome ba. Ana bukatar sanda mai rufin jan ƙarfe a kafa ta da zurfi, kuma a auna ta da rani, lokacin da ƙasa ta bushe, domin awon damina yaudara ne.

NA HUƊU: ƘURA DA ƘWARI

Akwatin da ke da fanka a ciki, da hunturu ƙura yake zuƙa yana tarawa. Ƙura ta toshe iska, ta kashe fankar, in damina ta zo ta sha danshi kuma ta zama hanyar wuta. Ga kyankyaso da tururuwa da tsaka, waɗanda ke son wuri mai ɗumi. Ba sau ɗaya ba na ciro tsaka a ƙone daga cikin akwati. Inda ƙarfin da ake bukata bai da yawa, gara marar fanka.

A nan ma akwai lamba. Za ka ga an rubuta IP da lambobi biyu, ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. IP20 shi ne mai ramuka kamar rariya, na cikin ɗaki ne ko cikin wani akwatin. IP65 ƙura ba ta shiga, kuma yana jure feshin ruwa. IP67 ko ya faɗa ruwa mai zurfin mita ɗaya na rabin awa zai fito lafiya. Na bakin burtsatse kada ya gaza IP65.

WAJEN SOLA

Kada mu ce tun da za mu koma sola mun rabu da matsala. Batirin da ake ce wa mai bolt 12 yakan kai 14.4 lokacin caji, ya sauko ƙasa da 11 idan ya yi sanyi. Mai 24 yakan doshi 29. Farantin da ake sayarwa a matsayin na bolt 12 kuwa, in babu kaya a kansa, wajen 22 yake bayarwa da tsakar rana. Saboda haka ƙaramin akwatin da zai ci daga batir sai a zaɓi mai faɗin baki, irin mai karɓar 9 zuwa 36, ko 18 zuwa 75 idan batiran na bolt 48 ne. A tabbata kuma yana da kariya idan aka juya wayoyi, domin wata rana wani zai haɗa ja a wurin baƙi.

YADDA AKE GANE NA JABU

Akwai kamfanonin da suka yi suna a wannan sana'a, irin su Mean Well na Taiwan, da TDK-Lambda, da Traco, da Recom. Ban zo tallar kowa ba, kuma suna kaɗai ba ya isa, domin mai suna shi ake kwaikwaya. Ga abin da nake yi kafin in sa hannu. Ina neman lambar samfurin, in je intanet in sauko da takardar bayaninsa daga kamfanin, in gwada da abin da ke hannuna, girma da nauyi da rubutu. Wanda ba shi da takarda, magana ta ƙare. Na jabu yawanci ya fi sauƙi a hannu, domin an rage jan ƙarfe da ƙarfen da ke kwashe zafi. In za a sayi da yawa, ina sayen ɗaya in fasa in ga cikinsa.

Ina duba ko an rubuta cewa yana kashe kansa idan wayoyi suka haɗu, ko kaya ya yi yawa, ko wutar da yake fitarwa ta haura. Ina duba katangar da ke tsakanin babbar wuta da ƙarama, wadda a nagari ake gwada ta da bolt 3,000. Wannan maganar rai ce, domin idan katangar ta rushe, bolt 230 zai biyo har jikin abin da yaro ke taɓawa. Tambarin CE kuwa kada ya ruɗe mu, galibi kamfani ne da kansa ke shaidar kansa, kuma mai jabu ba ya jin wuyar buga shi. Tambarin UL yana zuwa da lambar fayil da ake iya bincikawa. Kayan da aka shigo da su ta hanyar da ta dace kuma ya kamata a ga takardar SONCAP ta hukumar SON. Daga ƙarshe garanti: nagari ana ba shi shekara uku, wasu har biyar. Mai cewa "in ka fita da shi ba a dawowa" ya riga ya gaya maka abin da ya sani game da kayansa.

'Yan uwana ma'aikata za su ce doka ta tilasta a ɗauki mafi araha. Dokar sayen kayan gwamnatin tarayya ta 2007 cewa ta yi a ɗauki mafi araha daga cikin waɗanda suka cika sharuɗɗan da aka gindaya. Idan mu da ke rubuta sharuɗɗan ba mu rubuta kome ba sai "bolt 12, amfiya 5", to mu muka buɗe ƙofa, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

ROƘONA GA ƘUNGIYA

Mai girma Shugaba, ina gabatar da shawarwari biyar, in taro ya amince a sa su a rubuce.

Na ɗaya, kada a sayi sabuwar kwamfuta ko ɗaya sai an fara gyara wayar ƙasa, an sa makarin tsawa da mai gadin wuta a ɗakin. Na biyu, kwamfutocin da ke kwance a canza musu akwatin wuta da masu karɓar 100 zuwa 240, domin yawancinsu za su tashi da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Na uku, duk kwangilar da ƙungiya za ta bayar a rubuta sunan kamfani da lambar samfuri da sharuɗɗan da na ambata, kuma kada a biya kuɗin ƙarshe sai wani daga cikinmu ya buɗe ya gani da idonsa. Na huɗu, cikin kowane goma a sayi ɗaya na ajiya a ba Shugaban makaranta, don kada kwamfuta ta yi zango guda a kwance saboda abin da za a iya canzawa cikin minti goma. Na biyar, a ajiye littafi a ɗakin, duk abin da ya lalace a rubuta ranar da yanayin da ya lalace, ko da hadari ne, ko a kan janareto. Bayan shekara guda littafin zai nuna mana inda ciwon yake.

Ni kuma na ɗauki alkawarin zuwa ranar Asabar ɗin farko ta kowane zango, in zauna da 'yan kulob ɗin kimiyya mu buɗe waɗannan akwatuna tare, su koyi aunawa da ganewa. Sai dai ina gargaɗin ƙannena da ke baya, kada wanda ya koma gida ya fasa caja ko akwatin kwamfuta shi kaɗai. Babban kondensan ciki yana riƙe fiye da bolt 300 ko bayan an zare waya daga soket, kuma yana iya kisa.

Kuɗin da muke tarawa a wannan ƙungiya ba daga sama suke faɗowa ba. A cikinmu akwai malamin firamare da ya cire daga albashinsa, akwai ɗan fansho da ya aiko da abin da ya sawwaƙa. Amana ce a wuyanmu mu ga cewa abin da aka saya da su ya kai ga yaran da aka saya dominsu.

 Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikin malamai da ɗalibai, Allah ya jiƙansu da rahama. Allah ya ɗaukaka wannan makaranta, ya mai da kowa gidansa lafiya.